Kaka Nomau da Kasuwar Laraba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta ratsa gefen Tungar Bagaruwa ranar Laraba da safe, a shekarun baya, ya ga kakana yana shara. Ku mutanen gari ba sai na tuna muku ba. Da rana ta ɗan leƙo, Kaka Nomau zai naɗe hannun riga, ya ɗaure ƙugu da tsohon rawaninsa, ya ɗauki tsintsiyar matarsa Kaka Ige ba tare da ya tambaye ta ba, ya nufi filin nan da ke tsakanin tsamiyoyi biyu da bakin hanya. Namiji, dattijo mai furfura, da tsintsiya! Filin kuwa ba komai a cikinsa sai kashin awaki da sawun kaji. Haka zai share shi tas, sannan ya ɗauki sandarsa ya yi ta jan layi a ƙasa yana magana shi kaɗai.

In wani baƙo ya tsaya ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Me za a yi a nan?" sai ya ɗago kai ya dube shi sama da ƙasa.

"Kasuwa mana! Ba ka gani? Kai, gusa daga nan, kana tsaye bisa goron mutane!"

Nan layin masu goro ne. Can na masu hatsi. Mahauta ya kai su can ƙarshe, inda iska za ta kwashe hayaƙinsu ta yi daji da shi. Bayan tsamiya kuma wurin sayar da dabbobi. Babu rumfa ko ɗaya, babu ko sanda guda a kafe, sai zane a yashi. Amma ni na lura da wani abu: mu 'yan mata in za mu rijiya, ko ba Laraba ba ce, ko ba ya nan, sai mu kewaye layin mahauta, ba mai takawa. Ba mu taɓa shawartar juna a kai ba. Ƙafafunmu ne suka saba.

Abokan wasansa ne suka laƙaba masa Sarkin Kasuwa don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu biyu. In aka ɗaga murya aka ce "Sarki!" sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Madalla. Mi kaz zo da shi na sayarwa?"

Ni ce jikarsa da ba ta magana, wadda yake kira Amarya Shiru. Tun da ya rasu, duk inda aka zauna labarinsa ake yi, kowa na kawo nasa. Ni ba na iya buɗe baki cikin jama'a, shi ya sa na rubuta abin da na gani.

Abin da ke damunsa, in an bar dariya, ba ƙarami ba ne. A lokacin ko gishiri ya ƙare a gida sai an jira mai zuwa Sanyinna ko Kebbe. In an cire albasa, masu saye su biyo mu har gona su taya yadda suka ga dama, don sun san ba mu da inda za mu kai. Da an kammala girbi kuma samari da magidanta su watse ci-rani, har da babana, a bar gari daga tsofaffi sai yara sai mata. Kaka yana da kalma guda da yake tattara duk wannan a cikinta. In maganar ta taso sai ya ɗaga ɗan yatsa ya ce:

"Allura! Allura guda, sai an hau babur! Wanga ba gari ba na, makwanci na."

Kaka Ige ta ce, "To sai ka share yashi allura ta tsiro?"

"Ke dai ba ni tsintsiya."

"Ka taɓa jiran in ba ka?"

Da mutanen gari ya fara. Ya yi ta zarya wurin Maigari har aka gaji da shi, aka sa mai shela ya zagaya: ranar Laraba kowa ya fito fili da abin sayarwa. Hujjarsa ita ce baƙo ba ya tsayawa inda ba kowa, amma in ya ga taro zai taka birki. Aka fito kuwa, wasu don ganin girmansa, wasu don kallo.

Matsala ta farko, lokacin cirar albasa ne. Layin goro albasa. Layin mahauta albasa. Wurin dabbobi ma albasa ce aka jibge. Waɗanda ba albasa suka kawo ba, daga wata tsohuwa mai daddawa sai ni, da aka ɗora min farantin gyaɗa aka ce in yi talla. Na tsaya a gindin tsamiya ina kallon yatsun ƙafata. Kaka ya zo wucewa ya ce, "Amarya, ko tsamiyag ga ta fi ki iya talla. Ita ko motsi tana yi."

Matsala ta biyu ita ce ta gama da mu. A Tungar Bagaruwa kowa ɗan'uwan kowa ne, wanda ba jini ba to suruki ne. Baffa Sahabi, ƙanen babana, yana zaune bayan tulin albasarsa yana jiran mai saye, sai ga surukarsa ta nufo shi da kwando. Kai! Ya zame takalma, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Da ta ce "Nawa kashi?" sai ya ja da baya a durƙushe, ya ja, ya ja, har ya ɓace bayan tsamiya. Tsohuwa ta tsaya tana tambayar albasa.

Kaka ya taso da sanda. "Kai Sahabi! Dawo nan ka yi ciniki! A nan ba surukarka ba ta, mai saye ta!"

Daga bayan tsamiya muka ji murya ƙasa-ƙasa: "Baba, wallahi ba ni iyawa. Ta kwashe duka."

Mai daddawa kuwa duk wanda ya miƙa mata kuɗi sai ta ture hannunsa. "Haba ɗana, ni in amshi kuɗinka? Ni fa niy yaye ka. Ɗauki, ƙara." Taubasai kuma suka ga ranarsu ta zo: wannan ya wawuri albasar wancan ya ruga, wancan ya bi shi yana kiransa bawa. Gyaɗata kakanni mata suka kewaye ta, kowace ta ce ai kishiyarta ce ni, dole ta ɗanɗana. Suka yi ta ɗiba har faranti ya koma fayau.

Kafin azahar kowa ya koma gida da albasa daidai wadda ya fito da ita, sai dai ba tasa ba. An gaisa, an tambayi lafiyar yara, har wasu da suka daɗe ba sa magana sun shirya. Kowa na ta cewa kasuwa ta yi daɗi. Kaka ya zauna bisa saiwar tsamiya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Wagga ba kasuwa ba ta," in ji shi. "Suna na. Rago kaɗai ya rage a yanka."

Da la'asar na kai masa ruwan alwala. Ya karɓi butar ya ce, "Amarya Shiru, kin san mi ya kashe kasuwar yau? Zumunci. Kasuwa tana son mutanen da ba su jin kunyar juna. Baƙi nika so. Marasa kunya."

Sai ya shiga farautar baƙi. Kun san kekensa, wanda ba shi da birki sai duga-dugan mai shi. Tayar baya ta daɗe da fashewa, ya cusa mata tsummoki ya ce ta fi mai iska, don ita ba ta sacewa. In an ce ya hau babur sai ya ce ai shi ba allura zai sayo ba. Da wannan keken ya je Dogon Daji wurin wani mahauci, don kowa ya san kasuwa ba ta amsa sunanta sai an yi yanka an ji kalangu. Mahaucin ya ce in akwai mai koli da mota zai zo. Kaka ya je Sanyinna wurin mai koli, mai madubai da sabulu da tocila. Shi ma ya ce in akwai mahauci zai zo. Kaka ya tare wani direba mai bin hanyar Kebbe, shi kuma ya ce in akwai 'yan kasuwa zai tsaya. Kaka ya dawo gida ya sha fura, ya huta, ya sake zagayawa, ya gaya wa kowannensu cewa sauran biyun suna tafe.

Kaka Ige ta riƙe haɓa. "Malam, ƙarya da furfura?"

"Wace ƙarya? Kowanensu da bakinai yac ce shina zuwa."

"Da sharaɗi sunka ce."

"To keke nawa na da za shi ɗauko mutum uku da sharuɗɗansu? Abin da ni iya ɗauka shi niɗ ɗauko."

Ranar Laraba suka zo, su ukun. Mahauci ya yanka wani ƙaton bunsuru, makaɗinsa ya saki kalangu. Mai koli ya shimfiɗa kayansa, madubai suna ta walƙiya a rana. Direba ya ajiye mota a inuwa ya buɗe ƙofofi. Mutanen gari suka fito suka kewaye su, hannuwa a baya, suna kallo. Lokacin tsakiyar damina ne, abin da ke rumbu ya ja baya, na gona bai iso ba, ba wanda ke da abin kashewa. Tsofaffi mata dai sun sayi allura, kowace guda ɗaya. Na ga wata ta ɗauki madubi ta duba haƙoranta ta mayar.

Rana ta take, baƙin uku suka dubi juna. Mai koli ya ji yunwa ya sayi tsire. Mahauci ya ga kara, ya sayi tocila. Direba ya kwashe su duka biyun ya mayar da su inda suka fito. Amma kafin mota ta tashi mahaucin ya riƙe hannun rigar Kaka, ya nuna masa sauran naman da ke rataye, wato kusan bunsurun gaba ɗaya. Ba a rabu ba sai da aka fito da buhun gero daga rumbunmu aka ɗora a mota. Muka yi ta cin naman bunsuru, a miya, a soye, a busasshe, har Kaka Ige ta ce in ta yi tari kukan akuya take ji.

Shi kuwa ko a jikinsa. "An yi yanka, an yi kiɗa, mota ta yi lodi. Mutum uku sun yi ciniki, ba wanda yad durƙusa ma wani. Ba a taɓa yin haka ba garin ga."

"Gaskiya ta," in ji Kaka Ige. "Kuma buhun geronmu ya ga Dogon Daji, abin da ni ban taɓa yi ba."

Bayan wannan ya yi shiru na ɗan lokaci, har wasu suka ce ya saduda. Ni na san bai saduda ba, don in ya zauna a bakin hanya ba motoci yake kallo ba kamar da. 'Yan matan tungayen da ke kewaye da mu yake kallo, da matan Fulani na rugage, suna wucewa da ƙwaryar hatsi a ka, za su niƙa can nesa, don duk yankin namu babu injin niƙa. Yana bin su da ido har su ɓace.

Ashe ya ji labarin wani mutum mai suna Jabbi, daga wajen Fakku, mai inji yana neman wurin kafawa. Kaka ya same shi ya ce ga fili kyauta, a gefen kasuwa, bakin hanya. Abin da bai gaya masa ba, filin lambun Kaka Ige ne, inda take shuka kuɓewa da rama tun kafin a haifi babana. Ya jira sai da ta tafi biki Kebbe. Ta dawo da ƙullin alkaki a ka, ta tarar an cire darni, an kafa rumfar kwano, wani baƙin ƙarfe yana ta ruri a inda kuɓewarta take.

Ba ta yi ihu ba. Ta sauke kaya, ta sha ruwa, ta ce, "Malam, mi nika gani cikin lambuna?"

"Arziki na, Ige. Arzikin gari."

"To."

Wannan "to" ɗin sai da ya kai lokacin girbi. Tun daga ranar, tuwo da miyar kuka. Safe kuka, rana kuka. In ya buɗe akushi ya yi tsaki sai ta ce, "Kuɓewa tana ƙarƙashin inji, tafi can ka tona." Shi kuma ya rantse wa duk mai saurare cewa tun yana yaro bai taɓa son kuɓewa ba, santsinta ke sa mutum lalaci. Amma ni na sha ganinsa yana laɓaɓowa sashenmu, ya tsaya bakin ƙofar ɗakin innata yana gyaran murya, ya ce wai ya zo duba ko rufin yana yoyo. Innata ta gane. Takan zuba masa 'yar miyar kuɓewa a ƙaramin kwano, ya shanye a tsaye, ya goge gemu da kyau kafin ya fita.

Sharaɗi biyu ya kafa wa Jabbi. Na farko, ranar Laraba 'yan Tunga ba su da niƙa, sai baƙi kaɗai. Mu mu yi namu sauran ranaku. Na biyu shi ne ya kusa sa Jabbi ya kwashe injinsa. Duk Laraba Kaka zai ja kujera ya zauna daf da shi, gari na tashi yana sauka a girarsa da kunnuwansa. Da ya ga aiki na sauri sai ya taɓa shi da sanda.

"Jabbi, kashe inji shi huta."

"Baba, wane hutu? Dubi layi hal bakin hanya!"

"Shi nika so. Kashe."

"Su yi fushi su tafi fa!"

"Da hatsi bisa kai? Ina za su? Kai yaro na. Mace in tag gaji da tsayuwa, ta zauna. In taz zauna, ta ji yunwa. In taj ji yunwa, ta waiga. To mu kuma muna nan inda taka waigawa."

Jabbi ya kashe inji yana gunaguni, ya yi kamar yana ɗaure wata ƙusa. Matan suka zazzauna a inuwar tsamiya suna fifita da mayafi. Aka sake ɗora min farantin gyaɗa. Wannan karon ma ban buɗe baki ba, amma kafin in kai ƙarshen layi faranti ya ƙare, kuma ba wadda ta ce ni kishiyarta ce. Na dawo da gudu. Kaka ya leƙa farantin ya ce, "Kin gani? Ko tsamiya ta yi ciniki in an samu baƙi."

Daga nan abin ya fara tafiya da ƙafarsa. Wata maƙwabciyarmu ta kawo kaskon ƙosai. Matan Fulani suka ga tunda dai za su zo su zauna, gara su riƙo ƙwaryar nono. Inda nono yake, fura ba ta nisa. Direbobin hanyar Kebbe suka hango ƙore a jere, suka fara taka birki ba wanda ya roƙe su. Masu sayen albasa suka ji ana taruwa, suka zo su biyu, uku, kowa na ƙoƙarin riga ɗan'uwansa, manoma suka fara cewa "albarka" da ƙarfinsu. Mai koli ya dawo da kansa. Wata Laraba sai ga mahaucin nan na Dogon Daji, da makaɗinsa, yana ta washe baki yana "Ranka ya daɗe, Sarki."

Kaka ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. "Wuri kaka so? To, tsaya in duba ko akwai." Ya bar shi tsaye a rana, ya zagaya fili a hankali, filin da rabinsa har lokacin awaki ne ke kiwo a ciki, ya dawo yana girgiza kai. "An cika. Amma don kai na, ga can ƙarshe." Ya kai shi daidai inda ya zana wa mahauta tun farko.

A shekarar nan babana bai tafi ci-rani ba. Ya kafa rumfa ya sa faifan hasken rana a kai, yana cajin waya yana facin babur. Baffa Sahabi ya zama dillalin albasa, in ya hango surukarsa sai ya tura ta wurin wani baƙo. Kaka Ige ma, da ta ga ana sayen busasshiyar kuɓewa a filin kamar za a yi faɗa, ta nemi wani wuri bayan gida ta shuka, ta riƙa aika ni da ita. A ranar da na kawo mata cinikin farko ne miyar kuɓewa ta koma akushin Kaka. Sai da ya nemi ƙari.

Kowa na cewa kasuwa ta ci, sai mutum ɗaya. In aka ce, "Sarki, buri ya cika," sai ya taɓe baki ya ce, "Tukuna." Maigari da kansa ya tambaye shi me ya rage. Ya ce, "Ba ka gani? Duk inda niw wuce sai a miƙe. Mai goro shi ba ni goro, mai ƙosai ta ƙulla min ƙosai. Kasuwar da kowa ya san ka cikinta, tsakar gida ta." Aka ce tsoho dai ba a iya masa.

Ranar da zan ba ku labari, bayan girbi ne, fili ya cika har bayan tsamiya. Wata mata ta sauka daga mota da kwandon busasshen kifi, ƙatuwa, mai murya kamar ta maza, ba wanda ya san daga inda ta fito. Ta sami wuri ta baje kayanta. Kaka ya taso daga wurin inji, fari fat da gari, ya tsuguna gabanta. Kun san yadda yake ciniki. Ya ɗauki kifi ya shinshina. Ya juya shi. Ya danna cikinsa da babban yatsa. Ya ajiye ya ɗauki wani. Ya leƙa bakinsa. Ya bi kusan rabin kwandon haka, sannan ya yi wani tayi da ko ƙashin kifin ba zai saya ba.

Matar ta fizge kifinta. "Kai tsoho! In ba ka saye, aje min kaya ka gusa! Ka ɓata min kifi da gari, ka tare min masu saye. Tayin banza tayin wofi! Tashi!"

Mai ƙosai ta tsaya da matsami a sama. Baffa Sahabi ya yar da albasar da ke hannunsa ya taho a guje.

"Ke! Kin san ko wa kika ma magana?"

"Ina ruwana da ko wane na? Ko uban Maigari na, kifina ba shi tafiya hakanan!"

Ina tsaye kusa da shi da farantina. Na dubi fuskarsa, na ce yau mun shiga uku, don ban taɓa jin wanda ya ɗaga masa murya ba. Sai na ga hawaye sun gangaro, sun yi layi biyu a cikin garin da ke fuskarsa. Ya dafa sanda ya miƙe. Ya kama hannun Baffa.

"Sahabi, ka ji? Ba ta san ni ba! Wallahi ba ta san ni ba!" Ya juya ga jama'a, ya ɗaga sanda sama, ya saki murya: "Jama'a! Kasuwa ta ci! Kasuwa ta ci!"

Makaɗin mahauta bai san me ake ciki ba, ya dai ji ihu, ya saki kalangu. Kaka ya koma ya tsuguna gaban matar yana dariya yana share ido. "Ɗiyata, don Allah ƙara faɗi. Mi kinka ce in yi?"

Matar ta ja kwandonta baya, ta dubi Baffa ta ce a hankali, "Shina da lafiya kuwa?"

To kuna tsammanin ya sayi kifin? Ina! Ya zauna suka yi ta ja, yana ƙara kaɗan tana zaginsa, yana jin daɗi, har ta gaji ta sauko ta ce ya kawo. Sai ya karkaɗe riga ya miƙe.

"A'a. Tsada gare shi."

Sai da Kaka Ige ta ji labari ta aike ni da gudu na sayo, don kada matar ta ce garinmu mahaukata ne ta ƙi dawowa. Ta dawo kuwa, har yau tana zuwa. Bayan ta gane ko wane ne ta so ta fara durƙusa masa, ya ce in ta kuskura zai sa a tashe ta daga layi.

Bai daɗe ba sosai bayan haka ƙafafu suka ƙi. Ya daina fita, sai dai ranar Laraba a shimfiɗa masa tabarma a zaure, inda hayaniya ke isowa. In na dawo daga makaranta yakan kira ni ya ce in gaya masa abin da na gani, don ni ce ba na ƙari. Nakan ce an kawo tukwane yau, ko an yi rigima a layin hatsi kan mudu. In na ce an yi rigima sai ya lumshe ido ya ce, "Madalla."

Allah ya karɓi abinsa wata Laraba da hantsi, kasuwa ta fara cika. Maigari ya aiko a ce za a tashi kasuwar yau don girmamawa. Kaka Ige tana zaune cikin mata, carbi a hannu, ta ɗago kai ta ce wa ɗan aiken, "Koma ka ce kada wanda ya naɗe tabarma. In sunka tada ta, ni ba ni yafewa, shi kuwa kun san halinai."

Ina leƙe ta jikin darni lokacin da aka fito da shi. Jabbi ya kashe inji. Maza suka rufe kayansu da buhu, suka yi alwala, suka shiga sahu, har sahu ya kai bakin hanya. Da yawansu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Na ji wani mai tukwane yana tambayar na kusa da shi wa ya rasu, aka ce masa wani tsoho ne na nan garin. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya gyara tsayuwa.

Da aka dawo daga maƙabarta, muna zaune a tsakar gida, sai muka ji inji ya yi tari sau biyu ya kama. Hayaniya ta taso a hankali, mai kifi na kiran masu saye. Sai a lokacin Kaka Ige ta ja mayafi ta rufe fuska.

Allah ya jiƙan Kaka Nomau, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sanyaya shi. Allah ya ba Kaka Ige haƙurin zama ba abokin faɗa. Duk wanda ya ci abinci daga filin nan, wanda ya san shi da wanda bai san shi ba, Allah ya kai ladan gare shi. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.